WA ZAI SHIGA ƊAKIN MAI JEGO?

Ranar suna gida yakan cika. A yanka rago, a yi addu'a, kowa ya ce, "Allah ya raya." Kashegari kowa ya koma gonarsa, a bar yarinya da jariri mai kuka dare da rana, da miji wanda neman abinci ya gajiyar. Ya kai mai karatu, abin da ke faruwa a ɗakin nan bayan suna, da ruwanmu ko ba ruwanmu?

Dā da yanzu

A dā mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Tsohuwa ta yi mata wankan jego har kwana arba'in, ta dama mata kunu, ta karɓi jariri don uwar ta sami barci. Amma tashin hankali ya raba dangi a bakin Komadugu.  A Fabrairu 2015, 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. A shekarar nan mutanen Barwa suka bar garinsu. Dubban mutanen ƙasar suka zauna cikin bukkoki a bakin babbar hanya, waɗansu a sansanin Sayam. A Yuni 2021 wajen mutum 6,000 suka koma Barwa, a Agusta kuma aka sāke kai wa garin hari. A irin wannan zama yarinya takan haihu uwarta tana nesa, ko ta rasu. Wa zai tsaya a madadin tsohuwar?

Inda haɗari yake

Kukan jariri yakan ƙaru har wajen mako shida, sa'an nan ya ragu a wata na uku ko na huɗu. Yakan yi kuka ko da ya ƙoshi, lafiyarsa lau. Uwa ko uba wanda bai runtsa ba kwana da kwanaki yana iya hasala ya jijjiga shi da ƙarfi. Kan jariri da nauyi, wuyansa kuwa ba ƙarfi. Jijiyoyin jini na cikin kansa sukan tsinke, ya makance, ko ya shanye, ko ya mutu. Wani likita a Ingila, Norman Guthkelch, ya bayyana wannan tun 1971. Yawancin iyayen nan ba su yi niyyar mugunta ba. Gajiya da kaɗaici ne suka buɗe wa zunubi ƙofa.

"Ai shisshigi ne"

Wani zai ce gidan mutum sirrinsa ne. Gaskiya ne, akwai mai shiga gida don ta kwashi magana ta kai bakin rijiya. Wannan tsegumi ne, Allah kuwa ya ƙi shi. Amma tuna da Kayinu. Da Allah ya tambaye shi inda Habila yake, sai ya nuna tsaron ɗan'uwansa ba aikinsa ba ne (Farawa 4). Allah bai karɓi amsar nan ba. Maryamu ta tafi wurin Alisabatu mai ciki ta zauna da ita wajen wata uku (Luka 1). Bulus ya umarci tsofaffin mata su koya wa 'yan mata ƙaunar mazansu da 'ya'yansu (Titus 2). Ba a yin wannan koyarwa daga bayan danga. Zumunta a ƙafa take.

Ga yadda za a gane bambanci: mai tsegumi takan shiga hannu wofi ta fito da labari. Mai ziyara takan shiga da tulun ruwa ta fito bakinta a rufe.

An gwada, an gani

A 1977, a garin Elmira na Amurka, wani malami, David Olds, ya fara gwaji da mata 400. Ma'aikatan jinya suka riƙa zuwa gidajen waɗansunsu tun suna da ciki har yaro ya shekara biyu. Da aka bincika bayan shekara 15, cutar da yara da sakaci da su sun ragu kusan rabi a gidajen da aka ziyarta. Abin da kakanninmu suka sani ke nan: rigakafi ya fi magani.

Me ikkilisiya za ta yi?

Zumuntar Mata ta zaɓi dattijuwa guda don kowace mai ciki, ta soma zuwa tun kafin haihuwa, ta ci gaba kowane mako. Ta share ɗaki, ta goyi jariri, ta ce, "'Yata, kwanta ki huta." Ta koya mata cewa in zuciya ta tashi, a kwantar da jariri a rigingine a wuri mai lafiya, a fita a kira maƙwabciya. In ta ga uwar ba ta cin abinci, tana kuka kullum, ba ta son ba da nono, ta raka ta likita. Dattawa maza kuma su zauna da maigidan, gama jariri bai san laifi ba, ba a horonsa da duka. In an ga kumburi ko ƙuna a jikin yaro, a kai shi asibiti ranar nan, a sanar da hukuma in ya kamata. Rufa wa babba asiri a kan ran yaro ba ƙauna ba ce. Kada mu tsaya ga masu bi kaɗai. Maƙwabciyarmu Musulma, Babarbariya ko Bafulatana, ita ma gajiyarta iri ɗaya ce.

Allah ya fara ziyartarmu

Allah bai tsaya nesa yana kallon wahalarmu ba. Yesu Almasihu ya zo jariri, aka gudu da shi Masar saboda takobin Hirudus, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi. In hannunka ya taɓa cutar da ɗanka, kada ka ɓoye. Tuba, ka faɗa wa fasto, ka yarda a taimake ka. Akwai gafara a wurin Yesu. In kuwa akwai mai jego kusa da ke, 'yar'uwa, kada rana ta faɗi yau ba ki yi mata sallama ba.

Ya Ubangiji, ka ba mu ƙafar zumunta da bakin riƙon amana, ka kiyaye ƙananan nan, cikin sunan Yesu. Amin.