Ina Amfanin Idon da Ba Ya Iya Hanawa?

Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna, ina so mu yi tunani a kanta tare yau. In mutum ya hango masifa tana zuwa, ba shi kuwa da ƙarfin tsai da ita, akwai amfani ya tsaya yana duba yana rubutawa? Ko kuwa wahalar banza ce?

Ran 20 ga Afrilu 2010, wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe cikin Tekun Meziko, wajen kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka. Ma'aikata 11 suka mutu. Ɗanyen mai ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙarƙashin teku har kwana 87 kafin a toshe bakin rijiyar. Da fari an ce ganga 1,000 ke fita kowace rana, sa'an nan aka ce 5,000. Daga baya aka gane ya wuce ganga 50,000. Masunta da sauran mazauna bakin teku suna jin labari, suna jiran ranar da baƙin zai iso ƙofarsu.

Waɗansunsu ba su zauna jira ba. Suka shiga aikin sa kai, ba albashi, kowa ya ɗauki yankinsa na gaɓa yana takawa a ƙafa da littafi da kyamara. Da hukuma ta hana jiragen sama yin ƙasa-ƙasa a kan wurin, sai waɗansu suka sa ƙaramar kyamara cikin yankakkiyar gorar roba, suka ɗaura wa babban balan-balan, suka sake shi sama da doguwar igiya. Da wannan dabara suka ɗauki hotuna fiye da 100,000, suka harhaɗa su suka zama taswira. Duk da haka man ya taɓa gaɓa fiye da kilomita 2,000. Ko cokali ɗaya ba su hana ba.

To, ga abin da ya fi taɓa ni. Da yawa cikinsu sun fara yawon tun man bai iso ba. Mutum ya fita da sassafe, ya tarar da yashi fari fat, ya rubuta: yau ba kome. Gobe ma haka. Wani zai ce, wannan wane irin aiki ne? Amma ka yi tunani, ɗan'uwana. Ran da dabbobi suka shiga gonarka, in ba wanda ya ga hatsin yana tsaye, da me za ka nuna wa mai gari yawan ɓarnar? Wanda ya yi ɓarna kullum yana iya cewa, ai dā ma haka wurin yake. "Ba kome" ɗin nan da aka rubuta da kwanan wata shi ne ke rufe masa baki. Ku da kuka saba karanta Ezekiyel sura 33 kun san ba a ɗora wa mai tsaro ya kori abokan gāba shi kaɗai ba. Gani da faɗa aka ɗora masa, a kansu kuma za a tambaye shi.

Sai dai aikin shaida yana da nauyin da ba kowa ke so ba, domin ba a yarda ka ƙara gishiri, ko da kai ne mai gaskiya. A watan Mayu na shekarar an tsinci dunƙulen kwalta a tsibiran kudancin Fulorida. Hankalin mutane ya tashi, aka ce ga shi ya iso. Da aka gwada, sai aka tarar ba daga wannan rijiya ya fito ba. Mai fushi ba ya son jin irin wannan amsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, in na tsani abin da mutum ya yi, nakan so kowane laifi ya zama nasa. Amma wanda ya ɗora wa mai laifi abin da bai yi ba, ya ba shi mafita ke nan, gama ran da aka kama ƙaryar guda, sauran shafuffukan littafinsa ma sun zama abin shakka.

Akwai wani nauyi kuma. An gargaɗi 'yan sa kai kada su taɓa tsuntsun da mai ya lulluɓe, sai dai su lura da wurin, su buga waya ga waɗanda aka horar. Ka ga kwasakwasa tana fama a gabanka, fukafukai sun manne, an ce ka tsaya nesa! Na yi ta juya wannan a raina, don tausayi yana cewa ka miƙa hannu. Amma man yana da guba ga mutum, tsuntsun da ya firgita kuma yakan tsere cikin ruwa inda ba mai iya kamo shi, ko ya ji rauni a hannun wanda bai iya riƙo ba. Saboda haka mai sa kai yakan ja da baya, ya rubuta wurin da lokacin, ya buga waya, ya tsaya daga nesa yana lura da inda ta nufa har masu ceto su iso.