Wa Zai Ɗauki Alkyabbar Iliya?

'Yan'uwa cikin Kristi, ku tuna da labarin da ke cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 2. Sa'ad da aka ɗauke annabi Iliya zuwa sama, alkyabbarsa ta faɗo ƙasa. Da Elisha ya tsaya yana kuka kawai, da alkyabbar ta ruɓe a wurin. Amma ya sunkuya ya ɗauka, ya bugi ruwan Urdun da ita, ruwan kuwa ya rabu. A wannan wata ina so mu auna wannan labari da zancen makarantun Fada-fada na ƙungiyar SMA, gama 'ya'yan ƙasan nan da yawa, Kirista da Musulmi, a hannunsu suka sami ilimi.

Bishop de Brésillac ne ya kafa ƙungiyar a birnin Liyon ta ƙasar Faransa cikin 1856. Cikin 1859 ya sauka Firitawun ta Saliyo, bai ko yi wata biyu ba zazzaɓin shawara ya kashe shi tare da abokan aikinsa. Duk da haka waɗansu suka biyo sawunsa. Cikin 1907 Fada uku suka iso Shendam. Daga baya aka buɗe Kwalejin St. John a Kaduna cikin 1949, da ta St. Joseph a Vom cikin 1958.

Me ya sa iyaye su ke ɗokin kai 'ya'yansu can? Ba domin kyan gini ba ne, gama gwamnati ma tana da gine-gine masu kyau. Asirin yana wurin malamai. Fada ba shi da mata, ba shi da gona, ba ya neman sarauta. Gidansa yana cikin makaranta. Shi ne a aji da safe, shi ne a filin ƙwallo da yamma, da dare kuma shi ne ke zaga ɗakunan kwana ya ga ko akwai yaro marar lafiya. Ya san sunan kowane yaro, ya san halinsa. Yaro kuwa ba abin da ya ji kaɗai ya ke koya ba, har da abin da ya gani.

Amma zamani riga ne. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da yawa, har St. John ta koma Kwalejin Rimi. Turawan Ailan da suka riƙe aikin sun tsufa, da yawa sun rasu, a ƙasarsu kuma samari masu shiga aikin Fada sun ragu ƙwarai. Kada mu zauna muna duban hanya, gama irin waɗancan ba za su sāke zuwa ba. Alkyabba ta faɗo, tana nan a gabanmu.

Waɗansu suna cewa, in gwamnati ta mayar wa ekklesiya da makarantunta, kamar yadda Jihar Anambara ta yi cikin 2011, shi ke nan. To, a mayar, muna murna. Amma gini za a mayar, ba mutane ba. In aka sa tsohon suna a ƙofa, malami kuwa yana barin aji ya tafi kasuwa domin ba a biya shi ba, mun ruɗi kanmu ke nan.

Akwai kuma wani abin tsoro. A dā ɗan manomi da ya zo ba takalmi yana samun wuri. In kuɗin makarantar mishan ya fi ƙarfin mai wa'azin ƙauye, har ɗansa ya tsaya a bakin shinge yana leƙe, ashe mun hana yara zuwa, abin da Ubangijinmu ya tsauta wa almajiransa a kai. Makarantar da ta ci jarrabawa duka amma ta rufe ƙofa ga matalauci, ta fāɗi a gaban Allah.

Me za mu yi fa? Ƙungiyar SMA kanta ta nuna hanya, gama yanzu 'yan Afirka suna shiga cikinta suna ɗaukar aikin. Ku iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta ce tana so ta zama malama, kada ku ce ta yi hasara. Ku dattawan ekklesiya, ku biya malamai hakkinsu a kan kari, kowace ekklesiya kuma ta ɗauki nauyin karatun maraya ko da guda ɗaya. Ku da kuka ci moriyar waɗannan makarantu, kada ku yada kwauren ganga. Ku malamai, ku san yaranku da sunansu, ku yi musu addu'a.

Allah na Iliya bai tsufa ba. Shi ya ba mu zuciyar Elisha, mu sunkuya mu ɗauka. Amin.