Ragon da Ya San Muryata

A bayan gidanmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, akwai 'yar garka da na gada wurin mahaifina. Gefe guda wake da kuɓewa, gefe guda rumfar kara da turaku shida. Tumakin da ke ɗaure a turakun nan ba na kasuwa ba ne. Mata uku nake riƙewa tare da abin da suka haifa, kuma kowa a gidan ya san inda ragunan za su ƙare: ɗaya layya, ɗaya suna in Allah ya kawo ƙaruwa, in an samu rara a yanka wa gida lokacin ɗari.

Bara, saura kwana huɗu Tabaski, ɗiyata mai shekara tara ta iske ni ina dama wa ragon layya dusa da kanwa. Ita ta raɗa masa suna Mai-tozali, saboda baƙin da ya kewaye idanunsa. Ta tsaya tana kallon yadda yake goga kansa a gwiwata, can sai ta ce, "Baba, shi fa ya ɗauka kai abokinsa ne." Na yi dariya na aike ta ɗibar ruwa. Amma maganar ta bi ni har shimfiɗa.

Ragon nan a hannuna aka haife shi, cikin wani dare na hunturu, bayan uwarsa ta yi wata biyar da cikinsa. Ni na boye masa harawa a kan rumfa tun kaka. Ni na riƙa tsinto masa 'ya'yan gawo da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf. In baƙo ya shigo garka sai ya ja da baya har igiya ta miƙe, in ni ne kuwa tun daga zaure yake jin gyaran muryata ya fara kuka. Wannan sabon shi ne zai sa ran sallah ya biyo ni ba tare da an ja shi ba. To, mene ne sunan wannan in ba cin amana ba?

Wani aminina, malamin makaranta a Maraɗi, ya ba ni amsa mai sauƙi. Ya ce kuskurena shi ne sabo. In ina son nama in je wurin mahauci, in ina son layya in shiga kasuwa ana jibi sallah in sayi balamin da ban san shi ba bai san ni ba. Haka shi yake yi, kuma yana barci lafiya. Na yarda yana barci lafiya. Sai dai balamin nasa ma wani ne ya turke shi, wata mata ce a wani ƙauye ta yi wata shida tana ba shi ƙasari da hannunta. Daga nan aka cusa shi a mota cikin 'yan uwansa, ya kwana tsaye, ya wuni a rana dillalai suna matsa bayansa suna ɗaga jelarsa. Sabon nan da abokina ke gudu ya auku, ciwon rabuwa ma ya auku, shi dai ya biya kuɗi don kada ya gani. Wanda ya samu sauƙi a wannan ciniki mutum ne. Rago wahala aka ƙara masa.

Amsar da ta fi tsaya mini a rai ta wani ce da ya riga mu da kusan shekara dubu. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya daina cin nama, ya bar madara da ƙwai har da zuma, domin a ganinsa duk ƙwace ne daga mai shi. Ba na binsa. Addinina ya halatta mini nama, ya ma sa yanka cikin ibada, kuma a ƙasa irin tamu, inda damina wata uku zuwa huɗu ce, tunkiya ce ke mayar da harawa da ƙaiƙayi abincin da yaro zai iya ci. Duk da haka ina ganin girmansa, don ya ɗauki tambayar da gaske har ta shiga tukunyarsa. Mu da yawa hujjar halacci muke ɗagawa don a rufe zancen da wuri, alhali halacci ya amsa ko ya halatta a yanka ne kawai. Yadda za a zauna da dabbar kafin ranar, wannan wani babi ne, kuma shari'a ba ta yi shiru a kansa ba. Hadisi na 17 cikin Arba'una, wanda Shaddadu ɗan Ausu ya ruwaito, ya ɗora mana kyautatawa har a wurin yanka: a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Malamai sun ƙi a wasa wuƙar dabba tana kallo, sun ƙi a yanka wata a gaban wata. Wanda bai yarda rago yana jin tsoro ba, ba zai kafa irin waɗannan ƙa'idoji ba.

Da na natsu sai na tambayi kaina: wane alkawari ne tsakanina da Mai-tozali? Ban taɓa yi masa alkawarin tsufa ba, shi ma bai san gobe ba balle ya nemi alkawarinta. Abin da ya sani yunwa, ƙishirwa, rana, kaska, kare. Da na ɗaure shi a turke na hana shi neman maganin waɗannan da kansa, sai suka dawo wuyana. Nan amanar take. Kuma na taɓa cin ta. Wata shekara cikin watan Afrilu na tafi ta'aziyya, na bar wa wani yaro tumakin, na ƙara kwana biyu a kan abin da na ce. Da na dawo na tarar daro a bushe, wata tunkiya mai ciki tana kwance harshe waje. Ta rayu, amma ta yi ɓari. Na yanka raguna sun fi ashirin a rayuwata, babu wanda ya taɓa hana ni haɗa ido da sauran tumakin sai wannan ranar.

Na san raunin wannan hujja tawa, kada mai karatu ya ce ban gani ba. Ni na tsara alkawarin, ni na fassara shi, ni kuma ke riƙe da wuƙa. Ihwanus Safa, wasu masana na Basra a ƙarni na 10, sun rubuta labarin dabbobi da suka kai ƙarar ɗan Adam, kuma gaban sarkin aljanu suka kai ta. Ina jin dalilin a fili yake: mai cin nama ba ya alƙalancin shari'ar rago. Shi ya sa ban yarda da duk wata hujjar da za ta wanke ni tas ba, har da tawa. Ɗan nauyin da nake ji a ƙirji ran yanka na daina neman maganinsa. Na lura shi ne ke sa in duba wuƙa sau biyu, shi ne kuma ya sa a gidanmu ba a wasa da nama. Raguna biyu ko uku a shekara, kai da ƙafa a yi romo, kitse a soye a adana, fata a kai wa majemi.

Ran sallah na wasa wuƙar a zaure tun asuba. Bayan an sauko daga idi na kwance shi, na ba shi ruwa, na zaga da shi bayan danga inda sauran ba su gani. Taku goma sha biyu ne daga turkensa. Ya biyo ni kamar yadda na zata. Aka banƙare shi a sanduna aka jera da na maƙwabta kewaye da wuta, yadda muke yi a Nijar, ya gasu har dare, washegari aka raba.

Ɗiyata ta ƙi cin kayan ciki a ranar farko, na hana uwarta matsa mata. Washegari ita ta ɗauki kwanon rabo ta kai gidan wata tsohuwa da ba ta yi layya ba, ta dawo ta zauna ta ci nata ba ta ce komai ba. Buzun Mai-tozali ne nake salla a kai yanzu. Uwarsa ta sake haihuwa a watan jiya, namiji, kuma yarinyar ta tambaye ni ko ta sa masa suna. Na ce ta sa.