Haƙƙin Mallakar Waƙa Tsakanin Al'ada, Doka da Shari'a

Waƙa iri biyu aka gada a gabashin ƙasar Sakkwato, kowace da hukuncinta wajen mallaka. A Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka binne shi a 1837, waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u sun bazu ta bakin jajoji da 'yan taru, wato mata masu koyarwa da ɗalibansu, ana haddacewa, ana kwafa da tawada, ba a biyan ko anini. Irin wannan waƙa ilimi ce, ɓoye ilimi kuwa laifi ne a Musulunci. Abin da ake tsarewa shi ne sunan mai ita da ingancin baitocinta.

Waƙar makaɗa sana'a ce. Idan Ɗan Anace ya wasa ɗan dambe Shago, ko Musa Ɗanƙwairo ya wasa Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, hannu uku ne a cikin aikin: makaɗin da ya tsara, 'yan amshin da ke karɓi suna ƙari, da ubangidan da ya biya da doki ko babbar riga. Har yau jama'a "waƙar Shago" suke cewa, wato da sunan wanda aka yi wa ake kiranta.

Zuwan faifai da kaset ya raba waƙa da bakin mai ita. Yanzu a tashar mota a Goronyo yaro zai tura wa mutum waƙoƙi ɗari a waya kan kuɗi kaɗan, mai tallar magani kuma ya ɗora muryar makaɗin da ya daɗe da rasuwa a lasifika don tara jama'a. Turawa sun riga mu shiga wannan rigima. A 1985 Michael Jackson ya sayi kamfanin ATV mai riƙe da yawancin waƙoƙin Beatles kan dala miliyan 47.5, a 1987 kuma aka ji waƙarsu Revolution a tallar takalman Nike. Kamfanin mawaƙan, Apple, ya kai ƙara kotu.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar haƙƙin waƙa ga mai tsara ta, sannan ga magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma ƙungiyoyi irin su MCSN ke karɓar kuɗin lasisi a madadin mambobinsu. Ta fuskar fiƙihu, malaman Hanafiyya na farko ba su ɗauki amfani zalla a matsayin dukiya ba, amma Malikiyya, mazhabar wannan ƙasa, ta ɗauke shi dukiya. A kan wannan turba Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare. Saɓanin malamai kan halaccin kiɗa kansa mas'ala ce daban da ke nan daram.

Inda gizo ke saƙar shi ne talla, domin ta wuce batun kuɗi. Makaɗi ya zaɓi wanda zai yaba, ya sa mutuncinsa a kai. Wanda ya ɗauki wannan murya ya jingina ta ga hajar da mai ita bai taɓa gani ba, ya sa shi shaidar abin da bai shaida ba. Marayunsa da tsofaffin 'yan amshinsa kuma, waɗanda ba safai ake tuna su ba, an ci haƙƙinsu. Izininsu wajibi ne kafin a kunna lasifika.