Aski A Bayan Ido

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Sabon Birni da Isa. Dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, kuma dalili ne mai nauyi. Sai dai mu da aka ce don mu aka yi, sanarwa kawai muka ji. Mai POS ya rufe rumfa, ɗan ci-rani ya daina jin lafiyar gida, wanda aka faɗa wa ƙauyensu ya rasa hanyar neman ɗauki.

A Disamban wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na shekara-shekara kan tafiyar da intanet a birnin Katowice na ƙasar Poland, aka kuma ba kowa damar shiga ta waya ko kwamfuta daga inda yake. Tambayarmu ita ce, wanda ya shiga daga nesa, ya halarci taro ne ko kallo ya yi?

Alherin abin a fili yake. Ɗan Isa ba ya buƙatar biza ko kuɗin jirgi kafin a ji muryarsa. Amma na cikin zaure shi ke buɗe masa makirufo, shi ke zaɓar tambayar da za a karanta. Hausa ba ta cikin harsuna shida na Majalisar. Taron kuma ba ya yanke hukuncin da ya hau kan kowace gwamnati. Uwa-uba, hanyar da za mu bi mu kai kuka ita ce ake iya toshewa da takarda ɗaya.

Ƙasar Gobir ta san darajar ido da ido. Wajen 1788, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsaya gaban Sarki Bawa Jan Gwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi abubuwa biyar, ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Sarkin Alƙalawa ya amsa a gaban jama'a, ya zama kowa shaida ne.

Amsa a gaban shaidu, ita muke so taron nesa ya riƙe. Duk tambayar da ta zo ta waya a rubuta ta, a ba ta amsa a rubuce, da sunan mai amsawa. Duk ranar da za a sake katse layi, gwamnati da hukumar NCC su faɗa mana wa ya sa hannu, kwana nawa za a yi, ina za mu kai ƙorafi.

Mu ma akwai namu nauyin. In ƙofa ta buɗe, ko ƙarama ce, mu shiga mu faɗi inda ɗakin ke yoyo, mu kuma koma mu tambayi inda aka kwana. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.