ALHAKIN WA KE CIKIN ƘULLIN MAGANI?

 Yau maganar da nake so mu yi ta shafi wani hali namu da kowa ke yabawa, wato tausayi. Mu mata ba ma iya ganin 'yar uwarmu cikin damuwa mu naɗe hannu. Da zarar an ji wance ta shekara biyu a ɗaki ko ɓatan wata ba ta yi ba, ko kuwa al'adarta ta rikice, wannan watan ta zo wancan ta ƙi, to sai ki ga ƙulle-ƙulle sun fara shigowa gidan. Gwaggo ta aiko da sassaƙe, maƙwabciya ta kawo hulba da kanumfari, ƙawa ta turo lambar wata mai magani da ta gani a TikTok, uwar miji kuwa gora guda za ta aiko da ita, ko suna babu a jiki, a ce a sha safe da yamma. Kowacce da zuciya ɗaya ta yi. Tambayata ita ce, idan abin da ke cikin ƙullin nan ya yi ɓarna, kyakkyawar niyyar wadda ta miƙa shi ta isa ta wanke ta?

Kafin a ce na zama 'yar kanzagin likitoci, bari in faɗa tun da wuri, ni ba na raina itatuwanmu. Da su aka raine mu, kuma neman magani ba ya kore tawakkali. Abin da nake ja da shi shi ne ba da magani ga ciwon da ba a san sunansa ba.

Domin kuwa rikicewar al'ada alama ce, ciwon yana can wani wuri. Idan aka ƙirga daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta na gaba, yawancin mata masu lafiya suna faɗawa tsakanin kwana 21 zuwa 35. Ƙwai yakan fito kamar saura kwana 14 jini na gaba ya zo, kuma ba ya wuce kwana ɗaya a raye, shi kuwa maniyyin namiji yana iya kaiwa kwana 5 a jikin mace yana jira. To macen da take wata biyu ko uku ba ta ga jini ba, sau da yawa ƙwan ne bai fito ba. Ko an ba ta abin da zai sa jini ya ɓalle, wannan bai fito da ƙwai ba, alhali ƙwai ake nema, ba jini ba.

Me ke hana shi fitowa? Abubuwa da yawa. Akwai ciwon maƙalewar ƙwai, wanda a katin asibiti ake rubutawa PCOS, da yakan zo da ƙiba, ƙurajen fuska, ko gashi a haɓa. Kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu shi ba a gano musu ba. Akwai matsalar halittar nan ta maƙogwaro wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Akwai yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, har ki ga mace ba goyo amma nononta na tsatsafo. Akwai rama mai yawa, akwai damuwa, akwai shayarwa. To don Allah wace gora ce guda ɗaya za ta san wanne ne a cikin waɗannan ke damun Hajiya?

Sannan akwai dalilin da ya fi kowanne sa jini ɗaukewa, wanda don tsananin ɗoki muke mantawa da shi, wato cikin kansa. Nan ne abin ke ba ni tsoro wallahi. Mace mai daidaitacciyar al'ada, kwana uku ta ƙara ta fara zargi. Amma wadda ta saba da tsallaken wata, in ciki ya shiga ba ta da yadda za ta gane da wuri, za ta ɗauka halin nata ne ya motsa. Kuma ita ce dai wadda aka fi ɗura wa maganin saukar da jini da na wankin mahaifa.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, shekararta huɗu da aure. Ta yi wajen kwana hamsin ba ta ga al'ada ba, sai yayar mijinta ta haɗo mata wani jiƙo mai jar kanwa, wai jinin ne ya daskare yake tare hanya. Ta sha kwana uku, jini ya zo da guda-guda da ciwon mara, har aka yi murna an ce dattin ne ke fita. Da abin ya ƙi tsayawa aka kai ta asibiti, can aka ce ɓari ne. Likita bai ce jiƙon ne ya jawo ba, don ɓarin farkon ciki yakan faru ko ba a sha komai ba. Amma ki auna zuciyar yarinyar nan, abin da ta shekara huɗu tana roƙo ya zo ya tafi ba ta ko san ya zo ba, kuma har ta mutu ba za ta daina tuna kofin nan ba. Ita kuwa yayar mijin da aka yi mata magana sai ta ce, "Yo ni ai taimako na yi, Allah ya ga zuciyata."

Gaskiya ta faɗa, Allah ya ga zuciyarta. Amma ni a ganina wannan amsa ba ta biya ba. In wanda bai iya tuƙi ba ya ɗauke ki kyauta a mota don tausayi, ya je ya watsar da ke a kwalbati, ba za a kira shi mugu ba, amma ba wanda zai ce ba shi da laifi. Laifinsa shi ne ya karɓi aikin da ya san bai iya ba. Tsinken gwajin ciki ana sayar da shi a kowane kemis, kuɗinsa bai kai na kayan jiƙon ba. Tambaya ɗaya, "kin gwada kuwa?", ita ce ta rage tsakanin taimako da ganganci, kuma ba a yi ta ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya za su yi ba. Asibiti akwai layi, akwai kuɗin gwaje-gwaje, akwai kunyar likita namiji, akwai jiran izinin maigida, wani lokacin ma har da baƙar magana daga ma'aikaciya. Mai magani kuwa za ta shimfiɗa miki tabarma, ta saurare ki, ta ce kar ki damu 'yata, na ba wadda ta fi ki daɗewa ta haihu. Wa zai ƙi inda ake lallashinsa? Ban ga laifin macen da gorin dangin miji ya ishe ta, ga barazanar kishiya, ta miƙa hannu ta karɓi duk abin da aka ba ta ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa nake ɗora nauyin a kan mai miƙawa, don ita hankalinta a kwance yake.

Kuma ba wai masana sun yi watsi da irin waɗannan magunguna ba ne, gwada su suke yi. A 2014 likitoci a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun gwada kirfa a kan mata 45 masu maƙalewar ƙwai, aka ga al'adar waɗanda suka sha ta ɗan daidaita, sai dai 17 ne kawai suka kai ƙarshen wata shida na gwajin, don haka ba a kafa hujja da shi ba. A 2017 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a ƙasar Sin, mata 1000, a kan tsohon maganinsu na tsira siraran allurai a jiki. Allurai ba su ƙara yawan haihuwa ba, ƙwayar asibiti mai suna kulomifin ce ta ƙara. Abin da ya burge ni, maganin kakanninsu ne, amma ba su ji kunyar faɗin abin da suka gani ba. Mu kuwa mai gora ba ta taɓa ba mu labarin waɗanda suka sha ba su samu ba.

Ko lambar NAFDAC da ake nuna mana a jikin kwalbar maganin gargajiya, yawanci shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a ciki ba, ba shaidar yana warkar da abin da aka lissafa ba ce. Ki duba ƙananan rubutun da ke jiki, su da kansu sukan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Habbatus sauda da zuma kuwa darajarsu a wurinmu ba abin musu ba ce, amma darajarsu ba ta bin duk wani haɗi da ɗan kasuwa ya zuba su a ciki ya ninka kuɗi.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani, wadda ko maganin bai cutar ba yana yin ta, wato cin lokaci. A gama wannan gora a ce a ba ta wata uku, a koma turaren tsuguno, a koma ƙaho, kafin a farga shekara biyar ta wuce. Likitoci sun ce ma'aurata su je a duba su in sun shekara ba ciki, wata 6 in matar ta haura 35, mai rikicin al'ada kuwa ba sai ta jira ko ɗaya ba. Kuma da yawan abin nan yana da magani mai sauƙi. Wata ƙwaya ce ta 'yan kwanaki, wata gyaran maƙogwaro ne, wata mai ƙiba rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kawai kan dawo mata da fitar ƙwai.

Sai abin da ba a son faɗa. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, kuma gwajinsa ya fi na mace sauƙi da araha. Amma kin taɓa ganin an aika wa maigida gora? Duk ƙullin ɗakin matar yake nufa, kuma kowane ƙulli yana gaya mata a fakaice cewa ke ce mai matsalar. Ta shanye ɗaci, ta shanye zargi, ta kuma yi godiya.

Ni dai yanzu in wata ta kawo min kukan al'ada, kalanda nake fara nema mata, in ce ta riƙa zagaye ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. In ya makara, tsinken gwaji kafin ta kai komai baki. In ce ta nemi folik asid, ƙwayar nan da ake son mai neman ciki ta fara sha tun kafin ya shiga, maikirogiram 400 kullum. Ranar zuwa asibiti kuma ta zuba gorunan nan da ƙulle-ƙullen duka a leda ta tafi da su ta nuna, kar ta ɓoye ko ɗaya don jin kunya. In maigida ya ce ba shi da lokacin rakiya, ni nakan saka hijabina in raka ta.