Abin da Hannu Ya Sani

A wani shagon gyaran ƙarfe da ke Garwa, ba nisa da gadar kogin Binuwai, akwai wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe da ya girme ni. Na kawuna ne. Shekara da shekaru da shi yake fitar da haƙoran giya da sauran kayan gyara ga manyan motocin da ke jigilar auduga, domin tun da aka kafa kamfanin SODECOTON a 1974 auduga ta riƙe garin nan. Mai motar da ta lalace ba zai jira kaya su taso daga Duwala, su sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundere, sannan mota ta kawo su ba. Wurin maƙeri zai nufa.

Bara ɗan kawun nawa ya dawo daga karatu da wata shawara: a kwance injin, a kankare tsatsa, a daidaita shimfiɗarsa, sannan a cire hannuwan da ake murzawa a ɗaura ƙananan injinan lantarki da kwamfuta za ta riƙa sarrafawa. Kawu bai musa batun gyara ba. Batun kwamfuta ne ya hana shi barci, kuma daga gardamarsu na tsinci tambayar da nake son mu duba: idan aka mayar da ƙwarewar mutum cikin na'ura, an adana ta ne ko an ƙwace ta?

Sai an fahimci yadda injin yake aiki kafin a gane tsoron Kawu. Teburin injin yana tafiya ne a kan wani dogon sanda mai zare. Da tsufa zaren yakan ci, sai a samu ɗan sako-sako: ka murza hannu baya, amma tebur ba zai motsa ba sai ka ɗan ƙara. Kawu bai taɓa auna wannan giɓi ba. Hannunsa ne ya san shi. Ya san kullum daga gefe ɗaya zai tunkari aiki, ya san ƙarar da ƙarfe ke yi idan wuƙa ta dakushe. Kwamfuta kuwa ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata da lamba. Ko dai a sauya sandan da sabo, ko a auna giɓin a rubuta mata. Ashe ke nan dole tsoho ya buɗe baki ya faɗi abin da ya shekara talatin yana yi a shiru.

Tsoron nasa yana da tushe a tarihi. A 1952 aka nuna injin sassaƙa na farko mai aiki da lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, kuma shi ma injin da ake da shi ne, ƙirar Cincinnati, aka yi wa kwaskwarima yana karɓar umarni daga takarda mai huji-huji. Masanin tarihi David Noble, a littafinsa na 1984, ya kawo hujjar cewa akwai wata hanyar da aka gwada a lokacin, wadda injin ke naɗar motsin hannun ƙwararre ya maimaita, amma aka fifita ta lambobi, kuma cikin dalilan akwai son masu masana'antu su ɗauke iko daga hannun ma'aikaci su kai ofis. Don haka wanda ya ce wannan fasaha tana iya rage darajar mai aikin hannu bai yi ƙarya ba.

Amma akwai wani gefen da Kawu bai so a taɓo ba. Yara nawa suka wuce ta shagonsa? Sukan shekara uku suna shara da wanke giris kafin a bar su su taɓa hannun injin, kuma ko an bar su, sirrin giɓin nan sai wanda ya lura da kansa. Ba mugunta ba ce, haka shi ma aka koya masa. Sai dai ilimin da ke zaune a tafin hannun mutum ɗaya, ranar da aka kai shi makwanci tare za a binne su. Idan muna zargin na'ura da ƙwace ilimi, ya kamata mu tambayi kanmu ko shirun maigida bai fi ta ɓarna ba.

A ganina laifin ba ya jikin kwamfuta. Yana wurin wanda ya riƙe ilimin bayan an rubuta shi. A masana'antun da Noble ya yi magana a kansu, an karɓi sani daga ma'aikaci an kulle a wani ɗaki. A shago irin na Kawu kuwa, mai rubuta umarnin da mai tsayawa gaban injin mutum ɗaya ne, ko uba da ɗa. Nan rubutawar ta zama gado. Sharaɗin kawai shi ne a koya wa yaran shago duka biyun, karanta lamba da sauraron ƙarfe, kada a mayar da su masu danna maɓalli.

Ranar da aka fara gwaji, injin ya kama yanka yadda aka tsara, sai Kawu ya ɗaga hannu. "Tsayar da shi, yaro, gudun ya yi yawa." Ɗansa ya duba allo ya ce, "Baba, lissafin daidai yake." Aka tsayar, aka ga wuƙar ta fara ƙonewa, domin ƙarfen ya fi tauri a kan yadda aka ɗauka. Tsohon doki mai sane. Da yamma na ga Kawu zaune a kan benci yana faɗa, ɗansa yana rubutawa, yaran shago biyu sun tsuguna suna saurare. Tun ina yaro nake shiga shagon nan, ban taɓa jin ya yi doguwar magana kamar ta ranar ba.